Tambaya da Amsa: Aikin masanin muhalli a harkar sauyin yanayi da makamashi

Tambaya: Ina aji uku a jami'a, ina karanta kimiyyar muhalli. Ina jin ana cewa masana na ba gwamnati shawara kan sauyin yanayi da makamashi. Mene ne ainihin abin da suke yi a ofis, kuma me ya kamata in fara koya tun yanzu? (Wata ɗaliba daga Gusau)

Amsa: 'Yata, mafi yawan aikin lissafi ne. Tun bayan Yarjejeniyar Paris ta 2015, kowace ƙasa tana gabatar da alƙawarinta na rage iskar da ke ɗumama duniya duk shekara biyar, da kuma rahoton yawan iskar da take fitarwa duk shekara biyu. Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa zuwa 2060 abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take shanyewa ba. Dole a samu wanda zai zauna ya ƙirga, kuma nan ne gurbinki.

Ƙa'idar ƙirgen ba ta da wuya: yawan abin da aka yi amfani da shi, a ninka da ma'aunin iskar da yake fitarwa. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kusan kilo 2.3. Janareta mai shan lita 100 ta dizal a mako zai fitar da kusan tan 14 a shekara. Shanu kuma iskar mitan suke gyatsewa. Littafin jagora na 2006 na IPCC, hukumar masana sauyin yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ba saniyar Afirka da ba ta madara ba kilo 31 na mitan a shekara, sai a ninka da 28 domin mitan ta fi kabon riƙe zafi, a samu kwatankwacin kusan kilo 870 na iskar kabon.

Wahalar tana wajen alƙaluman da ake zubawa a cikin lissafin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙirga abu sau biyu, misali a ƙirga mai lokacin da aka shigo da shi, a sake ƙirga shi lokacin da masana'anta ta ƙona. Haka itacen girki: iskar kabon ɗinsa a ɓangaren dazuzzuka take shiga, idan aka haɗa ta da jimillar makamashi an ninka ta ke nan. Sai man da ake fasa-ƙwaurinsa zuwa maƙwabta, wanda takarda ke nuna a gida aka sha. Sai yawan dabbobi, wanda sau da yawa hasashe ne aka ɗora kan tsohuwar ƙidaya. A ganinmu, masanin da ya rubuta adadi bai faɗi inda ya samo shi da iyakar amincinsa ba, bai gama aikinsa ba.

Don haka ki ƙware a Excel sosai, sannan R ko Python don sarrafa alƙaluma a kwamfuta, da QGIS don taswira, da manhajar LEAP da ake hasashen buƙatar makamashin ƙasa da ita. Ki kuma koyi taƙaita bincike a shafi biyu: matsalar, zaɓi biyu ko uku, kuɗin kowanne, da wanda kike ba da shawara a ɗauka. Kwamishina ko minista ba zai karanta shafi ɗari ba.

Tambaya: Ƙanena ya gama digirin farko a fannin yanayin ƙasa. Ina zai ƙaro karatu ba sai ya fita Turai ba, kuma ina ake samun aiki? (Wani malamin makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Malam, kusa da ku ma akwai. Shirin WASCAL na horar da masana sauyin yanayi a Afirka ta Yamma, wanda Jamus ke tallafa wa, yana da reshen sauyin yanayi da makamashi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da wasu rassan a jami'o'in fasaha na Minna da Akure. Cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD duk a Yamai suke. A Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wajen aiki a Najeriya akwai majalisar sauyin yanayi da dokar 2021 ta kafa, da NiMet mai hasashen yanayi, da NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da hukumar samar da lantarki a karkara. Amma ƙofar da ta fi sauƙin shiga ita ce kamfanonin da ke tantance illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a gina hanya ko dam ko masana'anta. A can ake koyon ɗibar samfurin ruwa da ƙasa da rubuta rahoton da hukuma za ta karɓa.

Tambaya: Shin masanan IPCC ne ke tsara wa ƙasashe dokoki? (Wani mai karatu daga Kumasi)

Amsa: A'a. An kafa IPCC a 1988 don ta tattara binciken da aka riga aka wallafa ta tantance shi. Ba ta yin sabon bincike, ba ta kuma umartar kowa. Gwamnatoci da ƙungiyoyi masu sa ido ne ke gabatar da sunayen marubuta, kuma ba a biyan su albashi. Taƙaitaccen rahoton da ake yi wa masu mulki, wakilan ƙasashe ne ke amincewa da shi layi bayan layi, marubutan na zaune suna kare kowane adadi. 'Yan Afirka sun riƙe manyan muƙamai a ciki, kamar Youba Sokona na Mali da ya zama mataimakin shugaba a 2015. Mai son a gabatar da sunansa sai ya wallafa bincike a mujallun da masana ke tantancewa, ya kuma nemi jami'in da ke wakiltar ƙasarsa a hukumar, domin ta hannunsa sunaye ke tafiya.