Wilin kekena na baya ya karkace, zan iya gyara shi a gida?

Malam, ka ce wilin yana gogar birki ta gefe ɗaya, kuma ba ka da abin ɗora shi irin na masu gyara. Ba sai da shi ba. Kifa keken, ka riƙe alli kusa da robar birki, ka juya wilin a hankali. Inda allin ya taɓa, nan matsalar take.

Idan ya karkata hagu, ɗaure sifok ɗin (siraran ƙarafan da ke haɗa tsakiyar wili da bakinsa) da suka tafi dama a wurin, ka ɗan sassauta na hagu. Kwatan juyi kawai, ka sake dubawa. Gaggawa ce ke mayar da wili kamar ƙwai. Don Allah kada ka sa filaya, tana cinye kawunan sifok ɗin da ake murɗawa. Nemi makullin sifok wajen masu kayan keke a kasuwar Terminus ta Jos. In daminar Jos ta sa sun yi tsatsa, ɗiga musu mai su kwana.

Kada ka damu in sifok ɗin ɓangaren sarƙa sun fi tauri, yawanci haka wilin baya yake. Amma in rami ne ya lotsa ƙarfen, ɗauri ba zai miƙe shi ba, sai dai sabo.