Ta sha araƙi tana da cikinsa: za a iya kai uwar ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Lauya. Ni gwaggon wani yaro ce ɗan shekara shida, muna zaune a Gadarif, a ƙasar Sudan. Ƙanena ya rabu da uwarsa, yaron kuma yana hannunta. Har yau bakinsa bai buɗe sosai ba, ba ya zama wuri ɗaya, jikinsa ma bai kai na sa'o'insa ba. Wani likita ya ce mai yiwuwa giya ce sanadi, mu kuma mun san tana shan araƙi, wato giyar gargajiya mai ƙarfi, lokacin da take ɗauke da cikinsa. Dangi sun ce a kai ta ƙara, a hukunta ta, ta biya diyya. Doka ta ba mu wannan dama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka miki da alheri bisa damuwa da shi.

Dangi sun haɗa abu biyu da alƙali zai raba tun a zaman farko: shan giyar, da cutar da ake cewa shan ya jawo. Na farkon a fili yake. Sashe na 78 na Dokar Laifuka ta Sudan ta 1991 ya yanke wa Musulmin da ya sha giya bulala 40, kuma gyaran da aka yi a watan Yuli na 2020 waɗanda ba Musulmi ba kaɗai ya sassauta wa. Amma haddin na shan ne kawai, da ciki ko babu ciki, ba ya ƙaruwa don mace tana da juna biyu. Kuma ana tabbatar da shi ne da iƙirari, ko shaidu biyu, ko warin giya a baki. Shan da aka yi shekara bakwai da suka wuce, wa zai tsaya gaban alƙali ya rantse ya gani? Ko da an samu, bulalar ba za ta ƙara wa yaron komai ba.

Na biyun shi ne mai wuya. Abin da malaman fiƙihu suka yi dogon bayani a kansa shi ne cikin da ya zube. Asalinsa hadisin matan nan biyu na ƙabilar Huzailu, da ɗaya ta jefi ɗaya da dutse ta kashe ta da abin da ke cikinta, Annabi (SAW) ya hukunta gurra, wato diyyar ɗan tayi, saboda cikin. Malikiyya sun ƙiyasta gurra da kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwa, wato raƙuma biyar. Sun kuma ce ko uwar ce da kanta ta sha wani abu cikin ya faɗi, gurra na kanta, kuma ba za ta ci gadon komai daga ciki ba. Ke nan shari'a ba ta ɗauki uwa a matsayin wadda ba a tuhuma kan abin da ke cikinta ba. Dokar 1991 ma ta bi wannan sawu, tana hukunta zubar da ciki da jawo mutuwar ɗan tayi. Sai dai naku yaron ya zo da rai, yana nan yana wasa, don haka waɗannan sassan ba su hau kansa ba.

Ƙofar da ta rage ita ce ta neman fansar ɓarna. Dokar Mu'amalolin Farar Hula ta 1984 ta kafa ƙa'ida cewa duk aikin da ya cutar da wani, wanda ya aikata shi zai biya. A takarda wannan ya isa a shigar da ƙara a madadin yaron. A gaban alƙali kuwa sai kun nuna cewa giyar ce, ba wani abu dabam ba, kuma a nan ƙarar za ta fara tangal-tangal.

Babu shakka giya na cutar da ɗan tayi. Tana ratsa mahaifa ta shiga jininsa, hantarsa kuma ba ta yi ƙwarin da za ta tace ta ba. Wani likitan yara a Faransa, Paul Lemoine, ya bayyana alamomin cutar da giya ke jawo wa ɗan tayi a 1968, sannan Kenneth Jones da David Smith suka raɗa wa cutar suna a Amurka a 1973. Alamomin da aka fi sani su ne ƙananan idanu, siririn leɓen sama, shafewar kwarmin da ke tsakanin hanci da leɓe, ƙaramin kai, rashin girma da raunin ƙwaƙwalwa. Likitoci ba su san wani adadi da za a ce mai ciki ta sha ba komai ba. To amma babu gwajin jinin da za a yi wa ɗan shekara shida ya nuna giya ce. Likita yana haɗa kamannin fuska, awon jiki da tarihin uwa ne ya kai ga ra'ayi, kuma yara da yawa da giya ta taɓa ba su da alamar fuskar ma. Lauyan uwar, in ya san aikinsa, zai tambayi ko an sha doguwar naƙuda, ko jaririn ya yi ciwon shawara a makon farko, ko ya taɓa sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko tamowa, ko auren zumunci ne. Kowanne a cikinsu yana iya barin yaro a halin da kika siffanta. "Mai yiwuwa" da likitanku ya ce magana ce ta gaskiya, amma ba a gina hukunci a kanta.

Ko a ƙasashen da ke da kayan bincike ba a ci irin wannan ƙara cikin sauƙi ba. A Ingila, a watan Disamba na 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba batun wata yarinya da aka haifa a 2007, wadda ba a ma musanta cewa shan uwarta ne ya nakasa ta ba. An nema mata kuɗin da ake ba waɗanda aka yi wa laifi, bisa wata dokar 1861 da ta hana ba wani mutum guba. Kotun ta ce ɗan tayi bai zama "wani mutum" ba a ƙarƙashin wannan doka, aka kori ƙarar. A Kanada ma Kotun Ƙoli ta hana ɗa ya nemi diyya daga uwarsa kan sakacinta lokacin ciki a 1999. Hujjar Turawan Ingila ba za ta zauna daidai a fiƙihunmu ba, tunda mu ɗan tayi yana da haƙƙi har a gado. Amma akwai wani dalili da likitoci ke kawowa wanda na yarda da shi: matar da ta san kotu na jiranta ba za ta gaya wa ungozoma tana sha ba, wataƙila ma ta daina zuwa awo.

Wata tambayar kuma da dangi ba za su so ji ba, amma za a yi ta: ina ƙanenki yake a watannin nan tara? Idan ya sani ya yi shiru, ko da kuɗinsa ake sayowa, ƙarar za ta waiwayo kansa. Ku kuma kiyaye bakinku a unguwa. Jifan mace da shan giya ba tare da hujja ba yana iya zama ɓata suna, laifi ne a sashe na 159 na Dokar Laifuka, sai a wayi gari ku ne ake ƙara.

Inda nake ganin kuna da abin riƙewa shi ne kotun iyali. Dokar Iyali ta Musulmi ta 1991 ta bar ɗa namiji a hannun mata har shekara bakwai, mace har tara, alƙali kuma yana iya tsawaitawa idan maslahar yaron ta nuna haka. Amana da iya kula da yaro suna cikin sharuɗɗan riƙo. Abin da alƙali zai duba shi ne halin uwar a yau: tana sha har yanzu, ko ta tuba tana ɗawainiya da ɗanta? Idan ta daina, ban ba ku shawarar raba su ba, domin irin waɗannan yara sauyin gida da na hannu yana dagula su ƙwarai. Ciyarwa da kuɗin magani kuwa a wuyan uba suke, ko a hannun wa yaron yake. Kafin ya cika bakwai, ku kai shi wurin likitan yara a babban asibiti, a auna jinsa da ganinsa da girman kansa, a ba ku rahoto a rubuce. Shi za ku riƙe in maganar riƙo ta taso, shi kuma za ku nuna wa malaminsa don a san yadda za a bi da shi a aji.