Amsar tambayarki kan hoton Baffa

'Yata, na saurari saƙonki har sau biyu. Kin ce ba ki gane abin da ya fusata Hajiya ba don kin sa hoton Baffa a status da Facebook ranar da Allah ya yi masa rasuwa, alhali ita ma wuni take a WhatsApp.

Waya ba ta taɓa tsone mana ido ba. Tun da MTN da Econet suka shigo a 2001 muka karɓe ta hannu bibbiyu, da saƙon murya ya zo kuwa ai an sosa mana inda yake ƙaiƙayi, don Hajiya da ajami ta tashi. Kafin a haife ki kaset muke cikawa mu ba alhazai su kai wa Yaya a Makka. Kowa ya matso kusa da rikoda a tsakar gida ya yi gaisuwa, har kukan awaki yana shiga. Shi ya sa za ki ji ta yi minti uku tana ya gida, ya yara, ya sanyi, kafin ta faɗi abin da ke tafe da ita. Facebook kuwa kasuwa ce, matar da har yau ba ta kama sunan ɗanta na fari ba za ta kai fuskarta can ba.

Labarin mutuwa ba a jefa wa mutum shi. Babba ake turawa, ya yi sallama, ya zauna, ya ce jikin ya yi tsanani, sai ya ga an natsu sannan ya ce sai haƙuri. Ko sanarwar da muke kaiwa Rediyon Kano, sai na jiki sun ji tukuna. Gwaggonki ta Damagaram, wadda suke ciki ɗaya da Baffa, a wayar jikarta ta gani tana tsakar tuƙa tuwo. In na tuna wannan sai zuciyata ta karye. Ga shi hoton na asibiti ne, ba hula, ana masa ƙarin ruwa, mutumin da ko ƙofar gida ba ya fita ba babbar riga.

Na san ƙauna ce ta sa ki, ku haka kuke kukanku, addu'ar da ƙawayenki suka yi kuma Allah ya karɓa. Amma ki cire na Facebook ɗin yau. Ki kira Gwaggo da bakinki, ban da rubutu, ki yi mata ta'aziyya, ki ba ta haƙuri. Hajiya kuma ki bari sai ranar sadakar bakwai, ki zo da sassafe ki same ta a ɗaki kafin mata su cika gidan.