Yaya, ba Hausa ce ta hana yaranmu magana ba

Yaya barka da warhaka, ya mutanen Daura, ya jikin Inna. Kin tambaye ni wai da gaske ne mu nan Ingila yaro in ya kai shekara biyu bakinsa bai buɗe ba sai a kai shi asibiti, kuma anya ba yarukan da muka cika masu ba ne suka ruɗa su.

E ana kaiwa, amma ba wurin allura ba. Tun 2006 jaririn da aka haifa a Ingila ana gwada kunnensa a makonnin farko, sannan tsakanin shekara 2 da 2 da rabi nas mai bibiyar yara za ta zauna da uwa a cika fom, kalma nawa yake faɗi, yana haɗa biyu irin "ba ni", yana nuna abu da yatsa. In ta ga da saura sai ta tura ku wurin masu gyaran magana na NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, kyauta ne, sai dai fa layin akwai tsawo, watanni ake jira.

Batun yare kuwa wallahi ba shi ba ne. Ƙungiyar masu wannan aikin ta Birtaniya, wadda aka kafa tun 1945, matsayinta shi ne yare biyu ba ya jawo matsalar magana, kuma a gwada yaro da duk yaren da yake ji a gida. Ke ma ai kin ga yaran Fulanin da ke kewayen Daura, ga Fulatanci ga Hausa ga Larabcin allo, bakinsu tar. Yaron da ke da matsala ta gaske a kowane yare za ta bayyana, kuma ba kaɗan ba ne, wani bincike da aka yi a yankin Surrey na nan Ingila, aka wallafa a 2016, ya gano kusan yara 2 a ajin mutum 30. Abin da ke ƙona min rai shi ne iyayen da tsoro ya sa suka daina yi wa yaro Hausa, suka koma Turancin da su kansu bai zauna masu a baki ba, ga shi maganar ba ta gyaru ba, ga shi kakarsa ta kira a waya ba ya jin ko sannu.

Inda ake samun tangarɗa a ɗakin gwajin ne. Malamar gyaran maganar za ta so yaro ya kalle ta cikin ido, mu kuma mun horar da shi ya sunkuyar da kai gaban babba, in ba a yi mata bayani ba sai ta fara tunanin galahanga. Za ta nuna hoton mutum-mutumin ƙanƙara ko kare kwance a gado ta ce mene ne wannan, yaron da bai daɗe da zuwa daga gida ba ina ya san su. Ya faɗi kalmar Turanci ya musanya p da f, ta rubuta harshe bai miƙe ba, alhali mu Hausa ba ta raba su, mu da muke cewa tahi ma maimakon tafi. Sai ta ce uwa ta zauna ƙasa ta yi wasa da shi tana kiran sunansa, to in ɗan fari ne fa, ga alkunya, a gidajenmu ai yayye da kakanni ke wannan hirar da yaro, nan kuma babu su, daga ke sai shi a ɗaki cikin sanyi. Wannan kam dole muka sassauta kunyar, don in uwa ba ta yi mashi hira ba talabijin ce za ta yi.

Shi ya sa a guruf ɗinmu na mata duk wadda aka ba ranar zuwa muna ce mata ta nemi tafinta tun da wuri, ta kuma faɗi wace Hausa, don Hausar zangon Ghana ba ta cika raba namiji da mace ba, ƙ da k ma kusan ɗaya ne, mai fassara da ita ba zai kama kuskuren yaronmu ba. Ta ɗauki bidiyon yaron yana surutunsa a gida ta nuna masu, wata da ta taɓa zuwa ta raka ta. Addu'a da tofi ba mu bari ba, tare muke haɗawa. Ɓoye yaro ne muka hana junanmu, da yi wa mai in'ina dariya ko ƙarasa mashi magana. Wanzami kuwa babu, in harshen jariri a ɗaure yake har ya hana shi shan nono likita ke dubawa.

In jikan nan naki ne ya sa kika tambaya, don Allah kada a tsaya kan kowane yaro da lokacinsa, a fara da gwada kunnensa, ko a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Katsina, ko cibiyar kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Ki gaishe min da Inna da kyau.