Filin Tambaya da Amsa: Ina Asalin Kalmar "Alcohol"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An turo mana saƙo a WhatsApp cewa kalmar Turanci "alcohol" daga Larabci "al-ghul" ta fito, wai aljani mai cinye jikin mutum. Da gaske ne?
Ɗaliba daga Samaru, Zariya

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yata. Daga Larabci take kam, amma asalinta "al-kuhl", wato kwallin nan da kakanninmu mata ke rangaɗawa a ido.

Ki leƙa wajen 'yan koli a kasuwar birnin Zariya, ki ga kwalli tun yana dutse, baƙi mai ƙyalli. Sai an niƙe shi luƙui, babu ko ɗigon tsakuwa, kafin a ɗura a tandu, don ido ba ya ɗaukar wasa. To wannan laushin ne Turawa suka riƙe. Sun sami kalmar ta hanyar littattafan likitanci da kimiyya na Larabawa da aka fassara zuwa Latin, aikin da garin Toledo na ƙasar Sifaniya ya shahara da shi a ƙarni na 12. Suka ɗauke ta har da "al" ɗinta, yadda mu ma muka yi wa albasa da alƙalami, suka riƙa kiran duk garin da ya niƙu sosai "alcohol". Da wannan ma'anar ta shiga Turanci a ƙarni na 16.

Daga nan ta koma nufin tataccen kowane abu. Paracelsus, likita ɗan Suwizalan da ya rasu a 1541, ya kira ruwan da ake samu in an tafasa giyar inabi an tare tururinta "alcohol vini", wato tatacciyar giyar inabi. A hankali "vini" ta faɗi, zuwa ƙarni na 18 kalmar ta zauna a kan sinadarin da ke sa maye.

Na san abin da ke jan mutane ga wancan saƙo: a Suratus Saffat, aya ta 47, an ce abin shan Aljanna babu "ghawl", wato illar maye, a cikinsa. Amma kamar sauti ba hujja ba ce, kuma yana damuna ƙwarai in ga ana jingina haramcin giya, wanda nassi ya tabbatar, da labarin da ba shi da tushe. Ki duba harufan: "k" (da Turawa ke rubutawa da "c") da "h" na kuhl suna nan daram a kalmar, "gh" kuwa babu alamarta. Har yau ƙamus ɗin Sifaniyanci yana kawo kwalli cikin ma'anonin "alcohol".