Maganar ɗankwali da bencin horo, amsar Kawu

Salama 'yata. Na ga saƙonki tun daren Lahadi, wuta ce aka ɗauke mana nan Garwa kwana biyu waya ta mutu, kuma dai tambayar taki ba irin wadda ake amsawa da "to" ba ce. Kin ce da kika zo hutu wata mama ta tare ki a ƙofar majami'a wai ki koma ki ɗauro ɗankwali, alhali can Ngaundere a zumuntarku ta ɗalibai har da wando 'yan mata ke zuwa ba mai ce musu uffan. Sannan kina so ki san bencin bayan nan da ake zaunar da waɗanda aka sa a horo, a Littafi Mai Tsarki yake ko mu dattawa ne muka sassaƙa abinmu.

Ɗankwali dai yana da aya, ba zan ɓoye miki ba, Bulus ya yi maganar rufe kai a 1 Korantiyawa 11. Amma gaskiyar magana ba ayar ce kaɗai ta ɗaura wa iyayenku shi ba. Muna zaune cikin Fulani da Hausawa Musulmi, mace ta fita kai a buɗe sai a ce ga 'yar arna nan, to su kuma na farkon da suka tuba ba su so a ce sabon addinin nasu na marasa kunya ne, sai suka riƙe abin gam. Na wando kuwa Maimaitawar Shari'a 22:5 suke jawo miki, to ki karanta surar har ƙasa, za ki ga an hana sa tufar da aka haɗa ulu da lilin, an kuma ce duk mai gina gida ya kewaye rufinsa da katanga. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin an laluba kwat ɗin fasto a ga da me aka saƙa shi ba.

Turawan mishan da suka zo Ngaundere, Amurkawa a 1923, 'yan Norwe a 1925, mutane ne masu tsantseni sosai, giya da rawa duk sun ɗauke su hanyar halaka. Ban ga laifinsu duka ba fa, na ga magidantan da bilbil, giyar nan da ake dafawa a gida, ya cinye musu gero tun kafin damina ta kawo kai. Sai dai abin dariya, shi Martin Luta da ikilisiyarmu ke ɗauke da sunansa, wanda ya tashi a 1517 yana cewa ba a sayen gafarar Allah, matarsa da kanta giya take dafawa a gida yana sha. Ranar da na fara jin wannan na kusa faɗowa daga kujera.

Yanzu bencin. Babu shi a Littafi, ko ƙafarsa ɗaya babu. Horo kam akwai, Matiyu 18 ta ce ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu kaɗai tukuna, mu kuwa sai mu fara da sanarwa a gaban jama'a bayan baiko. Kuma Bulus ɗin da ya ce a fitar da wani mai laifi a 1 Korantiyawa 5, shi ne dai a wasiƙa ta biyu sura 2 ya ce wa ikilisiyar hukuncin da aka yi wa mai laifi ya isa haka, a yafe masa a ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Wannan ta biyun ce ba mu cika karantawa ba.

Bari in gaya miki abin da ko mamarki ban taɓa zama na gaya mata ba. Lokacin ina cikin dattawan ikilisiya a ƙauye, kafin a haife ki, akwai wata gwauruwa mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da gona ɗaya mai tsakuwa. Bilbil take dafawa ranar kasuwa ta biya musu kuɗin makaranta. Muka kira ta, muka sa ta a horo, ni ne ma na rubuta sunanta a littafin da hannuna. Ba wanda ya tambaye ta to in ta bari me yaran za su ci, ni ma ban tambaya ba. Shekara uku matar nan ba ta fasa zuwa sujada ba, da ɗankwalinta shuɗi guda ɗaya da ya koɗe, ta zauna can baya kusa da ƙofa inda rana ke dukan mutum, ran Jibin Ubangiji farantin gurasar da ake raba wa masu bi ya zo layin gabanta ya juya, ita kuma ta sunkuyar da kai tana bin waƙar a hankali. Biyu daga cikin masu sayen bilbil ɗin nata kuwa suna layin gaba, mun sani sarai, amma ɗaya shi ya ba da kwanon rufin majami'a. Zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana huɗu. A bakin kabari fasto ya karanta Afisawa 2, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba kada wani ya yi fahariya, na tsaya nan kamar an watsa min ruwan sanyi, don ashe mun san ayar, sai da ta mutu muka karanta mata.

Kada ki ɗauka wai na koma bayanku ɗari bisa ɗari. Ina jin yaran yanzu, mutum ya yaudari 'yar mutane ko ya ci kuɗin ƙungiya, ka yi magana ya ce ai muna ƙarƙashin alheri Baba, kada ka shari'anta. Wannan rainin hankali ne, Romawa 6 ta riga ta ba shi amsa. Su kuma masu wa'azin nan da kuke turo min a WhatsApp, da ke cewa in ba ka shuka iri ba, wato ka ba su kuɗi, ba ka sayi man shafawa ba, ba ka yi azumin kwana 21 ba, ƙofarka ba za ta buɗe ba, ai bencinmu ne suka yi wa fenti, gara ma namu ba a biyan kuɗi. Bitrus ya kira irin wannan karkiya a taron Urushalima, Ayyukan Manzanni 15, ya ce mu da kakanninmu ba mu iya ɗauka ba, don me za a ɗora wa wasu.

In kin zo Kirsimeti ki sa ɗankwalin a jaka. Ba don Allah na ƙirga kawuna a bakin ƙofa ba, sai don kakarki, idonta ya yi rauni amma kanki a buɗe za ta hango shi daga nesa, kuma ba ta da sauran ƙarfin jin surutun matan zumunta. Ita maman da ta tare ki na gane ko wace ce, ki bar ni da ita, tare muka yi ajin baftisma. Ƙaramin ɗan gwauruwar nan yana nan Garwa yana tuƙa moto, babur ɗin haya, ya ɗauke ni sau biyu bai karɓi kuɗina ba, har yau ban iya buɗe baki na yi masa maganar uwarsa ba. In kin zo ki raka ni gidansa.