Tambayoyinku: Bizar Yawon Buɗe Ido Zuwa Sifen da Faransa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma na daɗe ina burin in kai uwargida da 'yarmu mai shekara takwas mu ga kayan tarihin Andalus, wato yankin Sifen da Musulmi suka taɓa mulka. Mun tsara kwana goma a hutun makaranta na watan Agusta, bakwai a Sifen, uku a birnin Paris. Wani dillalin biza ya ce in nema ta hannun Faransa domin a cewarsa sun fi sauƙi, kuma in ranto kuɗi masu kauri in zuba a asusuna mako guda kafin in miƙa takardu. Shin in bi shawararsa? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarwarin nan biyu duk kada ka bi su, domin kowace daga cikinsu ta isa ta sa a hana ka bizar, kuma kuɗin da ka biya ba a mayarwa idan an hana.

Sifen da Faransa suna cikin yankin Shengen, wanda yanzu ya ƙunshi ƙasashe 29, kuma biza ɗaya ta isa ku shiga dukansu, muddin zaman bai wuce kwana 90 cikin kwana 180 ba. Sai dai ba mai nema ne ke zaɓar ofishin da ya ga dama ba. Ƙa'idar ita ce a nema wurin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, sai idan kwanakin sun yi daidai ne a koma ga ƙasar da za a fara sauka. Tun da kwana bakwai za ku yi a Sifen, hurumin Sifen ne. Idan ka je wa Faransa da tsarinka na gaskiya za su ce ba aikinsu ba ne, idan kuma aka ƙirƙiro maka tsarin bogi da ke nuna za ku fi daɗewa a Paris, ka yi ƙarya a takardar da ka sa wa hannu, kuma jami'in filin jirgi yana da ikon ya nemi shaidar masaukinku ya mayar da ku ko da biza na manne a fasfo.

Batun asusu ya fi damuna, domin a nan ne 'yan kasuwarmu suka fi faɗawa rami. Jami'in biza yana bin bayanan banki na watannin baya layi bayan layi, kuma abin da yake nema shi ne ko shigar kuɗi da fitarsu sun yi kama da sana'ar da ka faɗa. Asusun da ya shafe watanni yana juya 'yan dubbai, kwatsam sai ga miliyoyi sun sauka ranar Litinin aka buga takarda ranar Alhamis, ya riga ya tona kansa. Na san yawancin cinikin Kwari da tsabar kuɗi ake yin sa, ko kuma ta asusun yaron shago, saboda haka abin da ya kamace ka shi ne tun yanzu ka riƙa shigar da cinikinka cikin asusun da ke ɗauke da sunanka ko sunan kamfaninka. Ka haɗa da takardar rajistar kasuwanci, da shaidar biyan haraji, da takardar mallaka ko hayar shago. Sifen na ɗaure mafi ƙarancin kuɗin guzuri da mafi ƙarancin albashin ƙasarta, kuma ya haura yuro 100 ga kowane mutum a kowace rana, don haka ku uku a kwana goma ka lissafa sama da yuro 3,000, ban da kuɗin jirgi.

Duk waɗannan takardu tambaya ɗaya suke amsawa, wato me zai dawo da kai gida. Shago mai kaya, da gida, da yarinyar da za ta koma aji a watan Satumba, hujjoji ne masu ƙarfi, saboda haka ka karɓo wasiƙa daga makarantarta da ke nuna ranar da aka ba da hutu da ranar komawa.

Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci. Fasfo ya kasance an ba da shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a buga komai ba, kuma wa'adinsa ya zarce ranar fitowarku daga yankin Shengen da aƙalla wata uku. Kowannenku yana buƙatar inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000. Kai da uwargida za ku je da kanku a ɗauki hoton yatsunku, ita kuwa yarinyar ba a ɗaukar nata tun da ba ta kai shekara 12 ba, amma ku tanadi takardar haihuwarta da ta aurenku. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma ko da yake hukunci kan fito cikin kwana 15, yana iya kaiwa 45. Samun ranar ganawa kan yi wuya idan hutun Turai ya gabato, don haka ina ganin ka fara nema tun watan Afrilu. Ka kama masaukin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, kuma ka dakata da biyan tikitin da ba a mayar da kuɗinsa har sai fasfo ya dawo.

Game da tafiyar kanta, birnin Kurɗuba (Cordoba) da ke kudancin Sifen na cikin garuruwan da suka fi zafi a Turai, kuma a Agusta zafin kan haura digiri 40, don haka ku riƙa fita da sassafe ku koma masauki da azahar. Babban masallacinta, wanda aka fara ginawa a ƙarni na 8, ya zama coci tun 1236, kuma ana shiga kallo amma ba a yarda a yi salla a ciki ba, gara uwargida ta san haka tun daga gida. Fadar Alhambra da ke Garnada (Granada), garin da ya fita daga hannun Musulmi a 1492, tikitinta kan ƙare makonni kafin ranar, yana ɗauke da sunan mai shi, kuma sashen fadojin Banu Nasr, sarakunan Musulmi na ƙarshe a garin, yana da sa'ar shiga da aka rubuta a jikin tikitin. Da zarar biza ta fito, shi za ka fara saya, kuma ranar ziyarar ku riƙe fasfo ɗinku domin ana duba shi a ƙofa.